In Kwamfutocin Gida Sun Daina Jin Juna

Cikin daminar da ta wuce mun sauka a gidan wani magatakardan ƙungiyar manoma, muka same shi cikin damuwa. Kwamfuta biyu gare shi. Babbar tana ɗakinsa, ita ce ke riƙe da littafin bashin taki na 'yan ƙungiya, firinta ma a jikinta ta ke. Ƙaramar kuwa, irin wadda a ke naɗewa, ita ya kan ɗauka zuwa zaure in manoma sun zo. Daga nan ya ke buɗe littafin da ke cikin babbar, ya buga wa kowa takardarsa. Wata da watanni abin yana tafiya daidai. Ran nan da safe sai ƙaramar ta ce ba ta ga babbar ba. Ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, shiru. Sai ya ɗaure babbar a bayan babur ya kai wa mai gyara a birni. Mai gyaran bai yi masa tambaya ko ɗaya ba, ya wanke ta tas, ya zuba mata sabon Windows. Littafin bashi ya tafi ke nan, ba kwafinsa a ko'ina.

Da muka duba, abin bai ci mana minti biyar ba. Ashe ƙaramar ce ta saki Wi-Fi na gidan ta kama na wayar ɗansa, domin yaron ya taɓa haɗa ta da wayarsa wata rana da aka ɗauke wuta. Babbar ba abin da ya same ta tun farko. Ga shi kaka ta zo, kowane manomi yana faɗin buhun da ya tuna ya karɓa, magatakarda kuwa ba shi da shaida sai bakinsa.

Saboda irin wannan hasara muka shirya darasin nan. Wanda ya saba noman rani ya san abin yi in ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba. Ba ya kwance inji. Ya kan bi hanyar ruwa da ƙafa tun daga bakin rafi, har ya ga inda ta toshe ko inda ta ɓalle. Haka za mu yi da kwamfuta. Za mu bi hanyar maganarsu daki-daki, mu taɓa abu ɗaya tak a kowane lokaci, mu gwada, mu rubuta abin da muka gani, sa'an nan mu wuce gaba. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, gobe in ya sake lalacewa ya koma inda ya fara.

Haɗin gida dabam, intanet dabam

A gidajen da ke da kwamfuta fiye da ɗaya, galibi akwai wani ɗan akwati mai fitilu da a ke kira rauta. A wasu gidajen ƙaramar MiFi mai ɗaukar layin waya ce ke yin aikinta. Aiki biyu rauta ke yi. Tana haɗa na'urorin gidan da junansu, tana kuma haɗa su da intanet. Mu lura da kyau, waɗannan ayyuka biyu ba ɗaya ba ne. Data tana iya ƙarewa, ko sabis ya ɗauke kwana uku, kwamfutocin gida su ci gaba da miƙa wa juna fayil ba abin da ya dame su, muddin rauta tana kunne. Haka kuma kowacce tana iya shiga intanet sarai, amma ba ta ganin 'yar'uwarta. Abin da ya ruɗe magatakarda ke nan. Ya ga ƙaramar tana buɗe Facebook, sai ya ɗauka lafiyarta lau, laifin na babbar ne.

Wuta da igiya

Mu fara da abin da ido ke gani. Rauta tana kunne? Ɗaya kwamfutar tana kunne, ko ta yi barci? Kwamfutar da ta yi barci ba ta amsa kira, firintar da ke jikinta ma ba ta karɓar aiki. In da kebul aka haɗa, a duba 'yar fitilar da ke bakin ramin da ya shiga, a jikin rauta ko a jikin kwamfuta. In ba ta kama ba, a zare a mayar har a ji ya ce ƙas. Ɗan harshen roba da ke riƙe kan kebul ya kan karye, kebul ya zame kaɗan, ido bai gani ba. A gwada wani rami a jikin rauta, a gwada wani kebul. Siraran wayoyi 8 ne a cikinsa, ɓera kuwa ba ya bukatar ya cinye duka kafin ya ɓata aiki. Tsawonsa kuma kada ya wuce mita 100.

Ga wani gargaɗi da ba na gyara ba ne, na tsaro ne. Wanda ya ja kebul daga wannan ɗaki zuwa wancan ta sararin tsakar gida, ya riƙa zare shi in hadari ya taso. Tsawa ba sai ta faɗo a gidan ba kafin ta ƙona rauta da ramin kwamfuta gaba ɗaya.

In Wi-Fi ne, a karanta sunan wanda kowace kwamfuta ta kama, harafi da harafi. Ba ya isa a ga alamar ta cika. Kwamfuta tana tuna duk Wi-Fi da ta taɓa kamawa, in na gida ya ɗauke ta kan koma wa wanda ta samu, ko da an maido wuta ba lalle ta dawo ba. Katangar ƙasa mai kauri, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, duk suna rage ƙarfinsa. Rauta da yawa suna watsawa ta zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri, na 2.4 ya fi ratsa bango da kai wa nesa. Domin gwaji dai, a ɗauko kwamfutar a zauna kusa da rauta.

Adireshi

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin wanda ya iya karanta adireshi ya yi rabin gyara. Kowace na'ura da ta shiga haɗin gida, rauta ta kan ba ta lamba, kamar yadda gidan waya ke ba mutum lambar akwati. Da wannan lamba a ke aika mata saƙo. Kashi huɗu ce, da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255.

Ga yadda za mu gan ta a Windows. A danna maɓallin da ke da alamar taga tare da harafin R. Wani ɗan akwati zai fito, a rubuta cmd a ciki, a danna Enter. Baƙin allo zai buɗe. Kada a ji tsoronsa, ba abin da zai lalace. A rubuta ipconfig, a danna Enter. Rubutu zai zubo da Turanci, amma layi uku kaɗai mu ke nema. Wanda aka rubuta IPv4 Address shi ne adireshin kwamfutar. Default Gateway shi ne adireshin rauta. Subnet Mask kuwa a yawancin gidaje 255.255.255.0 ne. A kwafe ukun a takarda, a je ɗaya kwamfutar a yi haka.

Yanzu a ajiye takardun biyu gefe da gefe. A ce ta fari 192.168.1.12 ce, ta biyu 192.168.1.15. In layi na uku 255.255.255.0 ne, to, kashi uku na farko sunan unguwa ne, na ƙarshe lambar gida. Dole unguwa ta zama ɗaya, dole gida ya bambanta. Waɗannan biyu lafiya su ke. Kada a yi mamaki in maƙwabci ma yana da 192.168.1.12 a gidansa. Tun 1994 aka keɓe lambobin da ke farawa da 192.168, da waɗanda ke farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, domin amfanin cikin gida da ofis. Ba sa fita intanet, saboda haka ba sa karo da na wani.

To, in unguwa ta bambanta fa? A ce ɗaya 192.168.1.12, ɗaya 192.168.8.100. Wannan yana gaya mana ba a hannun rauta ɗaya suka karɓi lamba ba. Ko dai ɗaya ta kama Wi-Fi na wani wuri, irin na magatakarda, ko kuwa rauta biyu ne a gidan. Na biyun nan yana yawan faruwa. Mutum ya ga Wi-Fi bai kai zaure ba, ya sayo wata rauta ya jona ta bayan ta fari, sai sabuwar ta kafa tata unguwar tana raba nata lambobi. Kowa yana samun intanet, amma na ɗaki ba ya iya kiran na zaure. Magani mai sauƙi shi ne a haɗa kwamfutocin biyu da rauta ɗaya. Magani mai ɗorewa kuwa, a shiga saitin ta biyun a mai da ita Access Point, watau ta daina raba lamba, ta zama mai miƙa saƙo kawai.

In kuwa aka ga adireshi ya fara da 169.254, wannan alama ce mai daraja, a riƙe ta. Ma'anarta kwamfutar ta nemi lamba a wurin rauta ba ta samu amsa ba, sai ta laƙa wa kanta. Kada a ɓata lokaci a kan fayil ko kalmar sirri. A koma kan kebul da Wi-Fi. A kashe rauta, a ƙirga talatin, a kunna, a ba ta minti biyu ta farfaɗo. Kashewa da kunnawa mu ke nufi, ba soka tsinke a ɗan ramin da aka rubuta Reset ba. Wancan yana share sunan Wi-Fi da kalmar sirri da duk saitin da aka yi, ya mai da rauta yadda ta fito daga kanti.

Wani lokaci kuma a kan tarar da na'ura biyu da lamba ɗaya, domin wani ya taɓa rubuta wa ɗaya lambar da hannu. Alamarsa haɗi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. A mai da ita ta riƙa karɓa daga rauta.

Sallama

Adireshi ya yi daidai, sai mu yi sallama mu ji ko za a amsa. Akwai wani ɗan umarni mai suna ping, wanda wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a 1983. Ya samo sunan daga ƙarar na'urar da jiragen ruwa ke aikawa cikin teku su saurari dawowarta. A baƙin allon nan, a rubuta ping, a bar fili, a rubuta adireshin rauta, misali ping 192.168.1.1, a danna Enter. Windows zai yi sallama sau 4. In aka ga Reply from da lambar da aka kira, tare da lokacin da amsa ta ɗauka, an amsa. In aka ga Request timed out, an yi shiru. In aka ga Destination host unreachable, ba a ma sami gidan ba. A yi hankali da wannan na ƙarshe, domin shi ma layinsa ya kan fara da Reply from, mai gaggawa sai ya ɗauka an amsa. A karanta layi har ƙarshensa.

Rauta a ke fara kira, daga kowace kwamfuta. Wadda rauta ba ta amsa mata ba, ita ce mai ciwo, a bar ɗayar ta huta. In duka biyu sun sami amsa, sai ta fari ta kira ta biyu, ta biyu ta kira ta fari. Sau da yawa za a ga ɗaya tana amsawa, ɗaya ta yi gum. Wannan labari ne mai daɗi. Hanya a buɗe ta ke, tun da saƙo ya je ya dawo. Wadda ta yi gum ɗin, mai gadinta ne ya hana.

In kuwa duka biyu suna jin rauta amma ko ɗaya ba ta jin 'yar'uwarta, mai yiwuwa masu gadin ne duka biyu, mai yiwuwa kuma rauta ce ta raba su. Wi-Fi na baƙi, wanda sunansa kan ƙare da Guest, da gangan aka yi shi domin baƙo ya sami intanet ba tare da ya ga kayan gida ba. Wasu rauta da MiFi kuma suna da wani saiti mai suna AP Isolation da ke yi wa kowa haka. A rubuta adireshin rauta a inda a ke rubuta adireshin shafin intanet, a shiga da kalmar sirrinta, a kashe shi.

Mai gadi

Kowane Windows yana da mai gadi da a ke kira Firewall. In kwamfuta ta shiga sabon haɗi, ya kan sa shi cikin ɗayan aji biyu. Public shi ne na kasuwa da tasha da otal, inda ba a san kowa ba. A nan kwamfuta ta kan ɓoye kanta, ko sallama ba ta amsawa. Private shi ne na gida. Windows 11 ya kan sa sabon haɗi a Public sai an gaya masa. Saboda haka wanda ya sake rauta, ko ya sake sunan Wi-Fi, ko aka zuba masa sabon Windows, ya duba nan tun da wuri. A shiga Settings, a shiga Network & internet, a buɗe bayanin haɗin da a ke kai, a zaɓi Private. Sa'an nan a nemi Advanced sharing settings, a kunna Network discovery da File and printer sharing a ƙarƙashin Private. A yi wa kwamfutocin biyu.

Za ku ji masu cewa a kashe mai gadin kurum a huta. Ba mu goyi bayan wannan ba. A kashe shi minti ɗaya domin gwaji, in abin ya yi aiki an san inda matsala ta ke, a mayar da shi nan take a buɗe ƙofar da ta dace. Ƙaramar kwamfuta gobe tana iya zuwa birni ta kama Wi-Fi na mutane. Wanda kuma ya sa wata manhajar kashe ƙwayar cuta ta daban, ya sani da yawansu suna zuwa da nasu mai gadin, shi ma sai an gaya masa nan gida ne. Mai amfani da VPN ya kashe ta kafin gwaji.

Suna da kalmar sirri

An amsa sallama, saura shiga. A nan kada a dogara ga jerin kwamfutocin da ke fitowa in an danna Network, domin jerin nan ya kan yi jinkiri, ya kan kuma manta da wadda ke nan lafiya. A danna alamar taga da R, a rubuta karkatattun sanduna biyu da adireshin, kamar haka: \\192.168.1.12. In foldar da aka raba ta fito ta adireshi amma ta ƙi fitowa ta suna, matsalar ta suna ce kawai. A duba ko kwamfutocin biyu suna ɗaya aka sa musu, abin da kan faru in mai gyara ɗaya ya zuba musu Windows daga kwafi ɗaya. A sake wa ɗaya suna gajere, kada ya wuce harafi 15.

In ta nemi suna da kalmar sirri, na kwamfutar da za a shiga ta ke nema, ba na wadda a ke zaune gabanta ba. Mutane da yawa nan su ke tuntuɓe. 'Yan lambobin PIN da a ke buɗe kwamfuta da su da safe ba sa aiki a nan, ainihin kalmar sirri a ke so. Asusun da ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba ya barin a shige shi daga wata kwamfuta. Tun daga zubin 24H2 na 2024 kuma, Windows 11 Pro ya daina yarda ya shiga foldar wata na'ura a matsayin baƙo. Abin da mu ke yi, mu buɗe wani asusu na musamman a kwamfutar da ke riƙe da fayil, mu sa masa kalmar sirri, mu ba shi izinin foldar nan kaɗai.

Masu tsofaffin littattafai za su ga ana koya HomeGroup. An cire shi daga Windows 10 a 2018, kada a wahala nemansa. Masu tsohuwar kwamfuta mai Windows XP kuwa, tasu ta fi wuya. Tsohon yaren raba fayil da ta iya, SMB1, an daina sa shi a sabon Windows 10 tun 2017. A watan Mayu na shekarar ne cutar WannaCry ta bi ta kafar da ke cikinsa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Ana iya mai da shi da hannu, za a kuma sami mai yi muku. Mu dai shawararmu a bar shi a rufe, a riƙa kwashe fayil da filash.

Firintar da ke ɓata bayan an ɗauke wuta

Wannan ta addabi gidaje da ofisoshin da wutarsu ke zuwa tana ɗaukewa. Firinta mai Wi-Fi tana aiki jiya, an ɗauke wuta, an tayar da janareta, yau kwamfuta ta ce ba ta nan. Dalili shi ne lambar da rauta ke bayarwa aro ce. Wasu rauta in sun mutu sun farfaɗo su kan manta wa suka ba me, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Firinta ta tashi daga 20 ta koma 23, kwamfuta kuwa tana ta aika takarda gida mai lamba 20. A duba sabon adireshin a fuskar firintar, ko a sa ta buga takardar bayanin haɗinta. Sa'an nan a shiga saitin rauta, a nemi Address Reservation ko DHCP Reservation, a keɓe mata lamba ɗaya ta dindindin. Kwamfutar da ke riƙe da littafin ƙungiya ma a yi mata haka.

In an bi duk wannan abin bai gyaru ba, sai a nemi mai gyara. Amma a kira shi gida, domin ciwon haɗi ba ya ganuwa a kan teburin shago, inda babu rautarku babu ɗaya kwamfutar. A miƙa masa takardar da aka rubuta adireshi da amsar kowace sallama. Kafin ya taɓa komai, a kwafe fayilolin a filash biyu, ɗaya a ba shugaban ƙungiya ko ma'aji ya ajiye a gidansa. In ya ce sai an wanke kwamfuta, a tambaye shi a wane mataki ya ga hanya ta toshe.

Aikin da za a yi kafin taro na gaba

Kowane mai kwamfuta biyu a gida ko a ofishin ƙungiya ya yi ipconfig a kowacce yanzu da su ke lafiya. Ya rubuta sunan Wi-Fi, da sunan kowace kwamfuta, da adireshinta, da na rauta, da na firinta, ya manna takardar a bango kusa da rauta. Kalmar sirri kada ta shiga wannan takarda. Sa'an nan ya zare kebul da gangan, ko ya kashe Wi-Fi na ɗaya, ya yi ping daga ɗayar, ya kwafo abin da allo ya rubuta ya kawo taro a karanta tare.